Muryoyin Da Garmaho Bai Riska Ba: Zabiyoyin Farko Da Matan Bakin Ruwan Yauri

Na san wasunku sammako suka yi daga Wara, wasu daga Shanga, wasu ma sai da suka biya kuɗin fito kafin su tako Yelwa. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

An nemi in yi magana a kan mata mawaƙa na farkon zamanin ɗaukar murya, wato zamanin garmaho, kafin wutar lantarki ta shiga sana'ar. Kada wani ya zauna jiran in ɗora masa faifan wata zabiyar Yauri ta 1910. Kamfanonin faifai na wancan lokaci ba su taɓa sauke kayansu a ƙasar nan ba. Duk da haka maganar ta shafe mu ƙwarai, kuma zan bi ta nesa kafin in iso gida.

Thomas Edison ne ya fito da na'urar ɗaukar murya a Amurka a 1877. Daga nan har zuwa 1925, lokacin da kamfanoni suka koma amfani da makirfo, hanya ɗaya ce ake ɗaukar waƙa. A kafa wani ƙaton mazurari na ƙarfe, faffaɗan bakinsa yana kallon mai waƙa, tsukakken gindinsa ya ratsa bango ko labule zuwa wurin ma'aikaci. A can ƙarshe akwai ɗan siririn marfi da allura a jikinsa. Iskar muryar mai waƙa ce kaɗai ke kaɗa wannan marfi, allurar kuma ta riƙa karta layi a kan faifan kaki mai juyawa. Babu abin ƙara sauti, babu na ragewa. In murya ta yi sanyi, allura ba ta san an yi ba. In ta yi ƙarfi ainun, allura ta yi tsalle, faifai ya lalace, a koma farko. Don haka a wasu ɗakunan har mutum ake tsayarwa a bayan mawaƙiya, ya janye ta baya in za ta ɗaga murya, ya turo ta gaba in za ta sassauta. Manyan ganguna kuwa akan kora su ƙarshen ɗaki, ko a ce su tsaya waje. Faifan yana juyawa kusan sau 78 a minti, kuma fuska ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai.

To wace irin mawaƙiya ce za ta iya da wannan na'ura? Sai wadda ta saba cika fili da muryarta ba tare da lasifika ba, wadda take fitar da kowace kalma tsaf, wadda kuma ta san inda za ta ja numfashi. Mai 'yar murya ta shagwaɓa, irin wadda kwamfuta ke gyara wa yau, ko ƙofar ɗakin ba za ta shige ba.

A ƙarshen 1902, 'yan watanni kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato, Sarki Abarshi yana kan gadon sarautar Yauri, wani ma'aikacin kamfanin Gramophone mai suna Fred Gaisberg ya sauka Kalkata ta ƙasar Indiya. Can ya ɗauki muryar wata mata, Gauhar Jaan. Waƙoƙin da ta gada dogaye ne, ana iya raba dare ana abu ɗaya, amma ta san yadda ta dunƙule su cikin minti uku ba tare da sun zama guntaye ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina game da ita shi ne, in ta gama waƙa, kafin allura ta kai ƙarshen kaki, sai ta faɗi sunanta da ƙarfi. Dalilin ba alfahari ba ne. Ana tura kakin ne birnin Hanoba na Jamus a buga faya-faye, ma'aikatan can kuwa ba su jin harshenta, sai da wannan sanarwa suke gane sunan da za su manna a takarda. Ta yi ɗaruruwan faya-faye, ta yi dukiya, dukiyar ta ƙare, ta rasu a 1930. Amma yau duk wanda ya kunna faifanta, ita da bakinta take gaya masa ko ita wace ce.

A Amurka sai a 1920 aka ɗauki Mamie Smith, baƙar fata, tana waƙar baƙaƙen fata, faifan ya yi kasuwar da ta sa kamfanoni suka fara rububin irinta. Bessie Smith ta biyo baya a 1923. Ita wannan ta rasu a 1937, kabarinta ya zauna ba ko alama har 1970, ga irin godiyar da ake yi wa mawaƙa mata ko a can. A Masar akwai Munira al-Mahdiyya, sannan Ummu Kulsum da iyayenmu alhazai suka sani ta rediyon Alƙahira. Wadda ta fi kusa da mu a hali ita ce Siti binti Saad ta Zanzibar: Musulma, 'yar ƙauye, 'yar talakawa, wadda ta fara da tallan tukwane. A 1928 kamfani ya ɗauke ta a jirgin ruwa har Bombai don ta yi faifai da Suwahili. Waƙoƙinta sun taɓa zaluncin masu kuɗi da na kotu da wulaƙancin da ake yi wa mata, kuma bayan rasuwarta a 1950 babban marubucin Suwahili, Shaaban Robert, ya rubuta littafi sukutum a kan rayuwarta.

Kamfanoni ciniki suke bi. Inda tashar jirgin ruwa take, da akawu da ɗan kasuwa mai kuɗin sayen garmaho, can suke zuwa. Tsakanin 1927 da 1929 kamfanin Zonophone ya ɗauki 'yan Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa, aka kawo faya-fayen ana sayarwa a garuruwan bakin teku irin su Ikko da Ankara. Mu nan, Baturen da ya zo mana alƙalami ya riƙe. P. G. Harris ya wallafa bayaninsa a kan Yauri a 1930, ya kuma wallafa wani a 1932 a kan ganguna da kayan kiɗan Lardin Sakkwato. Aiki ne mai amfani, muna godiya, sai dai takarda ba ta riƙe karin murya. Haka Baba 'yar Karo, wadda aka haifa wajen 1877, sa'ar na'urar Edison ke nan. Ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950 ta ba ta labarin rayuwarta, da waƙoƙin 'yan mata da na biki da na bori a ciki, littafin ya fito a 1954. Kalmomin sun tsira. Yadda take jan su da yadda take karya su, wannan ya bi ta kabari a 1951.

Alhali kuwa in ana neman muryar da aka yi domin wancan mazurari, a gidajenmu take. Zabiyar fada da ke gaban dokin sarki ranar hawa, tana ratsa kakaki da tambari da hayaniyar jama'a da maƙogwaronta kaɗai, me allurar Gaisberg za ta gagare ta da shi? Maguɗiya fa, wadda in ta rangaɗa guɗa a wannan unguwa sai an ji a waccan? Ku da kuka tashi a bakin kogi kun fi ni sanin yadda mace ke kiran mai jirgi daga wannan gaɓa zuwa tsallake, ta san inda za ta sa murya ruwa ya ɗauke ta.

Mu dubi daka da kyau, don a ganina nan ne makarantar farko. Mata uku a turmi ɗaya, gero a ciki. Ta farko ta sauke taɓarya, kafin ta ɗaga ta biyu ta sauke, ta uku ta shigo a tsakani, lugude ya kankama. In hannu ya yi zafi sai ɗaya ta cilla taɓaryarta sama, ta tafa, ta cafe ta ba tare da ta ɓata wa sauran zubi ba. Wata kuma ta riƙa gwara gefen turmi don ta fitar da wani amo daban. A kan wannan ake ɗora waƙa, kuma dole baitin ya faɗi daidai inda ƙirji ya samu sarari, domin mai daka tana haki. Yarinyar da ta shekara goma tana wannan ta koyi kari da numfashi da ba da waƙa da amshi, ba ta biya ko kwabo ba. Waƙar niƙa ita kuma daban ce: mace ɗaya, a durƙushe gaban dutse, yawanci da asuba, murya ƙasa-ƙasa. A nan ake zuba habaici. Uwar miji tana ɗaki tana ji, kishiya tana ji, maigida ma yana ji, amma ba mai cewa da shi ake, tunda waƙa ce kawai ake yi wa dutse. Ga waƙar daɓe in an yi sabon ɗakin amarya, ga gaɗa a dandali da farin wata, ga shantu da ake bugawa a cinya ana tafa bakinsa da tafin hannu. Waɗannan duk ba su da kamfani, ba su da faifai, amma su ne waƙar yayi ta wancan zamani a wurin rabin al'umma.

Akwai masu cewa muryar mace ba ta fita ba ce, kuma ba na zo yin jayayya da malamai ba. Zan dai tuna mana cewa mafi yawan abin da na lissafa a cikin gida ake yinsa, mata zalla. Kuma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan ƙauyuka. Jajis ɗinta, wato matan da take aikawa su koyar, haddace baitocin suke yi su tafi da su, su rera wa 'yan taru, wato matan da ke taruwa ɗaukar karatun. Da mata ba su iya rerawa ba, da wannan karatu bai je ko'ina ba.

Sai da rediyo ya kafu sannan muryar matan Arewa ta fara shiga na'ura da yawa. Gidan Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, kaset kuma ya bazu daga shekarun 1970. A Nijar, can sama da mu a kan wannan kogi namu, gidan rediyon Yamai ya yaɗa muryar Hawa Zale, zabiyar Zabarmawa. A wajenmu sunaye biyu ne kowa ke kawowa: Uwaliya Mai Amada ta Kano da Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ta Funtuwa. Lantarki ya riske su, gaskiya ne, amma ba shi ya rene su ba. A tsakar gidan biki suka koyi sana'arsu, inda ba makirfo, saboda haka wanda ke son ya ji yadda zabiyar 1920 za ta yi amo, faifansu ne mafi kusa da zai samu.

Kayan aikinsu kowace mace a ɗakin nan tana da su a madafi. A cika babban kwano ko masaki da ruwa, a kifa ƙwarya a kai, a buga da 'yan sanduna, ta ba da amo mai zurfi kamar na babbar ganga. In an ɗan ɗaga gefenta iska ta fita ko ta shiga, amon ya sauya. Sauran ƙore a kife a ƙasa ko a kan tsumma, su ke ba da ƙaramin sauti mai kaifi. Sai 'yan amshi. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya nuna cewa wannan waƙar ƙwarya, wato amada, ta faro ne da bege da yabon waliyyai a tsakanin mata, nan ne kuma Uwaliya ta fi ƙarfi. Barmani ce ta jawo ta tsakiyar rayuwar ɗaki: kishi, haihuwa, gwarne, ragon miji, macen da ta zauna ba sana'a tana jiran a ba ta kuɗin sabulu. Tana da baki, wani lokacin har ya yi yawa, kuma ba kowace waƙarta zan so a kunna a gaban surukai ba. Amma waƙarta ta kiran mata su kama sana'a ta shiga inda jami'in gwamnati da takardarsa bai taɓa shiga ba. Ta rasu a Funtuwa a 2013.

In za ku saurare ta, kada ku tsaya a kan dariyar kalmomin kaɗai. Ku kasa kunne ga inda take shigowa. Sau da yawa ba ta jiran 'yan amshi su kai ƙarshe, sai ta hau kan wutsiyar amshin, waƙar ta ƙi yin sanyi. Ku lura da yadda take sauka daga rerawa ta koma magana, ta jefa wa wata a cikin taro zance, ta koma kan kari daidai inda ta bar shi, ƙwarya ba ta jira ta ba, ita ma ba ta makara ba. Muryar a shaƙe take kaɗan, irin ta wadda ta shekara tana kwana a gidajen biki, kuma wannan shaƙewar ba aibi ba ce. Ɗalibai kan ce mini tsofaffin kaset suna da shuu da ƙara, ba sa jin daɗinsu. Ku daure minti biyar, kunne da kansa zai ture ƙarar gefe. Wanda bai iya wannan haƙuri ba, ba zai ji Narambaɗa ba ma.

Da na ambaci Narambaɗa, sai in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mazan an yi musu adalci gwargwado. Ɗanƙwairo da Narambaɗa an yi digiri a kansu ba adadi, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da yawa, Mamman Shata yana da ƙaton littafi nasa da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006. Matan fa? Sai da wata Ba'amurkiya, Beverly Mack, ta zauna a Kano tun ƙarshen shekarun 1970 tana bin su gida-gida da rikoda, sannan sunaye irin su Maizargadi, zabiyar fadar Kano, da Binta Katsina da Hauwa Gwaram suka shiga littafi. Ba laifinta ba ne da ta riga mu. Mu ne muka ɗauki waƙar mata abin da ba ya buƙatar suna. A ce waƙar daka, a ce waƙar gaɗa, kamar daga sama suka faɗo, alhali kowace ɗaya akwai macen da ta fara ƙaga ta, ranar da wani abu ya ɓata mata rai ko ya faranta mata.

A ƙasar Yauri asarar ta ninka, kuma kun san dalili. An fara gina madatsar Kainji a 1964, ruwa ya taru a 1968, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga garuruwansu. Tsohuwar Busa ta nutse, tsibiran da Gungawa suka zauna a kai tun kaka da kakanni suna noman albasa da su, da yawansu suka tafi ƙarƙashin tafki. An gina wa mutane sababbin gidaje, an biya diyyar abin da ake iya ƙirgawa. Amma waƙa tana da mazauni. Akwai wadda ta mashaya kaza ce, akwai ta filin kokawa kaza, akwai wadda ke ambaton wani dutse ko wata tsamiya da kowa ya sani. In wurin ya ɓace, yaran da aka haifa a sabon gari ba su san abin da baitin ke nufi ba, daga nan sai su daina yin sa. Abin da ruwa ya rage, injin niƙa ya ƙarasa. Ba na kukan injin, duk wanda ya ga tafin hannun tsohuwar da ta yi rayuwarta a kan dutsen niƙa ba zai yi kukansa ba. Siminti ya kashe daɓe, fiyano da janareta sun kori ƙwarya daga gidan biki.

Ga kuma harshe. Yauri ba ta Hausa kaɗai ba ce, marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya yi bincikensa na farko a kan yadda sarautar Hausawa ta zauna a tsakiyar waɗannan al'ummu. Akwai Gungawa masu harshen Reshe, akwai Kambari, da Dukawa, da Lopawa, da Shangawa waɗanda harshensu ɗan'uwan Busanci ne, masu jin sa kuma sun ragu ƙwarai. Frank Salamone, wanda ya yi bincike a nan bayan tashin ruwa, ya rubuta yadda Gungawa ke rikiɗewa su koma Hausawa. In harshe zai bar gida, bakin maza yake fara bari, domin su ke zuwa kasuwa da kotu. Wurin da yake daɗewa shi ne waƙar reno da ta biki da ta makoki, a bakin tsofaffin mata. Za ka tarar da tsohuwa da jikokinta ba sa jin ko gaisuwa da harshen, amma in ta goya jariri da shi take lallashinsa.

Ɗalibai, ga lissafi mai sauƙi. Matar da aka haifa a wani gungu a 1950 tana da shekara 18 lokacin da ruwa ya taso. Ta yi daka a tsohon gari, ta yi gaɗa a tsohon dandali. Kakar da ta koya mata waƙa an haife ta wajen 1895 ko 1900, wato tana ganiyar ƙuruciyarta a daidai shekarun da Mamie Smith da Munira ke tsaye gaban mazurari. Abin da ke bakin wannan dattijuwa yau, waƙar wancan zamani ce, da karinta, ta hannu biyu kacal ta biyo. Irin waɗannan iyaye suna nan a Wara da Ngaski da Shanga da Zamare da Bin Yauri, wasu ma suna zaune a ɗakin nan suna yi mini dariya. Wayar da ke aljihun kowannenku kuma ta fi duk kayan da Gaisberg ya yi dakonsu zuwa Kalkata.

Amma a yi abin da ladabi. Mace ta je wurin mata, domin akwai waƙar da ba za a taɓa yi a gaban namiji ba, ko da jika ne. A nemi izininta, a gaya mata inda muryar za ta je, in ta ce iyakarta cikin dangi to iyakarta ke nan. Kada a ɗauki tsohuwa a watsa a TikTok ana yi mata dariya. A kai mata goro da abin sayen sabulu, sana'a ce take ba ku. Kada a kai ta situdiyo a ɗora mata fiyano, a bar ta da turminta ko ƙwaryarta, in da hali a kira ƙawayenta biyu su yi mata amshi, don ba a yi waƙar nan domin mutum ɗaya ba. A ajiye abin da aka ɗauka a wuri fiye da ɗaya, waya tana faɗawa ruwa, mu nan mun fi kowa sani.

Kafin ta fara, a bar na'ura tana ɗauka, ta faɗi sunanta da bakinta, da garin da aka haife ta, na da da na yanzu, da harshen da za ta yi waƙar. Sannan a tambaye ta wurin wa ta koya. Za ta ce wurin kakata wance, ko wurin wata gwaggo da ake kira kaza, wadda in ana biki a gungunmu ba a farawa sai ta iso. A rubuta wannan suna, a tambayi na mahaifinta da na garinta, da abin da aka fi saninta da shi. In ɗalibai ashirin suka yi haka a hutu ɗaya, kowa da tsofaffi biyar, za mu tashi da sunayen zabiyoyi da maguɗa na ƙasar Yauri kusan ɗari waɗanda babu su a kowane littafi.

Shugaban zama yana duban agogo. Na ga kuma wata Hajiya a layin gaba tun ɗazu tana girgiza kai a kan abin da na faɗa game da lugude, ina roƙon a fara ba ta abin magana.